Gaisuwar Ta'aziyya da Masu Kiranta Mutuwar Zuciya

Tun daga safiyar Litinin, 14 ga Afrilu 2014, da bam ya tashi a tashar motar Nyanya ya kashe fiye da mutum 70, akasarinsu ma'aikata da 'yan ci-rani masu sammakon shiga Abuja, wasu 'yan boko suke ɗora wa gaisuwarmu ta ta'aziyya laifi. A cewarsu, mutanen da aka saba wa "sai haƙuri" ba za su taɓa tuhumar hukuma ba, shi ya sa wani bam ya sake tashi a unguwar ran 1 ga Mayu. Wannan zargi na wanda bai taɓa zama a tabarmar makoki ya kasa kunne ba ne.

Al'adar tsohuwa ce. Musulunci ya zo da ita, malaman jihadi suka raya ta har a rubuce, kamar marsiyyar da Nana Asma'u ta yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837. Da aka kafa Izala a Jos a 1978 an yi ta jayayya kan sadakar uku da bakwai da arba'in, amma babu ɓangaren da ya taɓa kalmomin gaisuwar kansu.

A duba yadda take tafiya. Mai zuwa ya tuɓe takalmi a bakin rumfa, ya durƙusa, ya ce a yi wa Annabi salati, a karanta ƙulhuwallahu, a shafa Fatiha. Sai bayan nan yake juyowa ga mai rashi: "Ashe abin da ya faru ke nan? Ya muka ji da haƙuri?" Ya saka kansa cikin masu rashin tun kafin a amsa masa, kuma tambayar da kanta shaida ce cewa haƙuri kaya ne mai nauyi. Amsar ma ba ta ɓoye haka ba: "Haƙuri sai Ma'aiki." Wato mai rashi ya faɗa a gaban jama'a cewa nasa bai cika ba, kuma ba wanda zai ce imaninsa ya yi rauni. Annabi Yakubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, Manzon Allah kuma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Daga nan addu'a take bin tsari uku da ba ya sauyawa. Mamaci tukuna: Allah Ya jiƙansa, halinsa na gari ya bi shi. Sai waɗanda ya bari: Allah Ya raya bayansa. Sai mai magana da masu sauraro: Allah Ya kyautata namu zuwan. A duk jerin babu inda aka ce "don kaza ne Allah Ya ɗauke shi." Nan gwanintar take. Uwar da ta sallami ɗanta da asuba a Mararaba da "Allah Ya kiyaye hanya," aka kawo mata labarinsa kafin hantsi, tana da tambayar da ba malamin da zai iya rufe mata ita a ranar. Hadisi ya bayyana cewa roƙo kan samu biya nan take, ko a ajiye wa bawa shi, ko a tunkuɗe masa wani sharri da shi, kuma gaskiya ne. Amma mai hankali ba ya karanto mata wannan alhali gawa na kwance. Abin da ta'aziyya take yi shi ne ta saka sabuwar addu'a a bakin wadda take ganin ta jiya ba ta karɓu ba, ta sa ta ce amin sau ɗari a yini, har maganarta da Ubangijinta ta ɗore. Kiristocin Nyanya masu jin Hausa ma haka suke yi da "Ubangiji Ya ta'azantar da ku."

Masu zargin sun kuma manta da rabin gaisuwar. Idan kisa ne, a kan tabarmar nan ake cewa "Allah Ya isa" da "Allah Ya tona asirinsu." Bahaushe ya raba ajali, wanda na Allah ne, da alhaki, wanda ke wuyan wanda ya dasa bam da wanda ya yi sakaci da tsaro. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, bai ga hakan ya saɓa wa ƙaddara ba.

Ni a ganina, ta'aziyya ce makarantar tauhidi mafi girma da talaka yake da ita, domin a nan yake koyon kyautata wa Allah zato ba tare da ya yafe wa azzalumi ba. Wanda ke son a tuhumi hukuma kan jinin Nyanya ya je ya tuhume ta, muna bayansa. Amma ya bar wa masu rashi gaisuwarsu.