3.4 Hasashen 'Yan Kallo a Matsayin Tubalin Zubi a Shirin Sherlock

A ranar 15 ga Janairu 2012 gidan talabijin na BBC ya nuna kashin ƙarshe na zango na biyu na shirin Sherlock, wato "The Reichenbach Fall". A ciki an ga tauraron wasan ya faɗo daga rufin asibitin St Bartholomew's da ke Landan, amininsa John Watson ya riƙe hannunsa bai ji bugun jini ba. Sai kuma a fitowa ta ƙarshe aka nuno shi tsaye a maƙabarta da ransa.

Kusan shekara biyu 'yan kallo suka yi suna neman bakin zaren. Wasu suka ce ƙwallon robar da aka gan shi yana wasa da ita ce ya matse a hammata don ya tsayar da bugun jini. Wasu suka kafa hujja da mai keken da ya banke Watson, wasu kuma da Molly Hooper, mai aiki a ɗakin ajiye gawa, wadda za ta iya samar da wata gawar.

Da shirin ya dawo ranar 1 ga Janairu 2014 da "The Empty Hearse", marubucinsa Mark Gatiss ya kawo bayani har iri uku. Biyu hasashe ne na wasu 'yan wasa, an kuma gina su cikin raha da zolaya. Na ukun Sherlock ne da bakinsa ya faɗa wa Anderson: katifar iska, ƙwallo a hammata da gawar wani mai kama da shi. Shi ma wannan, Anderson ya nuna shakku a kansa. Ke nan an mayar da hasashen 'yan kallo kayan gina wasan.

A ganin wannan nazari, dabarar ta raunana zubin. Arthur Conan Doyle ya kashe Holmes a 1893, ya dawo da shi a 1903 da bayani guda: bai ma faɗa cikin ruwan ba. Hakan ya zo masa da sauƙi domin babu wanda ya shaida faɗuwar, ba a kuma ga gawa ba. A talabijin kuwa an nuna faɗuwar da jinin ƙiri-ƙiri, don haka bashin da 'yan kallo ke bin marubuci ya fi nauyi. Gaskiya ne an sa Watson ya fi damuwa da dalilin yaudarar a kan yadda aka shirya ta, kuma wannan ya ƙarfafa jigon amana tsakanin aminan biyu. Sai dai labarin jami'in bincike a kan warware ƙulli ya ginu, ga shi kuwa babban ƙullin da shirin ya ɗaura an bar shi ba tabbatacciyar warwara.