Littattafan Tafiya da Hanyar da Suka Bari

Tun zamanin fatake Bahaushe ya shahara da tafiya. Ya kai Gwanja neman goro, ya kai Agadas da Bilma neman gishiri, ya kai Makka da ƙafa ta hanyar Wadai da Sudan. Amma yawancin waɗannan tafiye-tafiye a baki suka tsaya, ran da matafiyi ya rasu sai a binne shi da labarinsa. Bayan da boko ya kafu, aka kuma buɗe azuzuwan Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, sai littafin tafiya ya shiga hannun talaka. To, yanzu ya kamata a auna waɗannan littattafai, a ga abin da suka kawo wa mai karatu da abin da suka bari. Wurin da ya dace a tsaya a yi wannan awo kuwa shi ne Illela ta Jihar Sakkwato, gama gari ne na bakin iyaka, wanda mutanensa ba su rabuwa da hanya.

Littattafai uku ne suka fi cancanta a fara da su. Na farko labarin Dorugu, wani yaro mutumin ƙasar Damagaram da aka kama bauta, daga baya aka 'yanta shi, ya bi Bature Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, har Tambutu. Sun ratsa Wurno da Sakkwato cikin 1853, kana cikin 1855 suka tafi Turai tare. A Ingila ya faɗi labarinsa da baki, wani malamin mishan mai suna Schön ya rubuta, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Na biyu Tafiya Mabuɗin Ilmi na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito a 1944. Labari ne na zuwansa Ingila cikin 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, tare da ƙungiyar editocin jaridu na Afirka ta Yamma, cikinsu har da Dokta Azikiwe. Na uku Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, wanda hukumar NORLA ta Zariya ta buga a 1955, shi ma a kan tafiya Turai.

Kafin a faɗi aibi wajibi ne a faɗi alheri. Babban alherin waɗannan littattafai shi ne sun juya madubi. Da can Bature ne ya ke zuwa ya dubi Bahaushe, ya koma gida ya rubuta yadda ya ke ci da yadda ya ke aure. A cikin waɗannan kuwa Bahaushe ne ya tafi ya dubi Bature a ƙofar gidansa, ya komo ya ba 'yan'uwansa labari da harshensu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da a lokacin a ke mulkinsu daga Landan. Dorugu ya yi kallo da idon yaro, bai ji kunyar mamaki ba, har yadda Turawa su ke zama cin abinci ya kwatanta. Imam, wanda ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, ya san kunnen mai karatu, Hausarsa mai sauƙi ce, da raha a cikinta, har wanda bai daɗe da fita aji ba ya iya bin ta ba tuntuɓe. Sunan littafin Malam Aminu kaɗai ya isa wa'azi ga mutanen da suka saba da zama wuri ɗaya. Dukansu sun koya wa mai karatu cewa duniya da faɗi ta ke, Allah ɗaya gari bamban.

Duk da haka akwai giɓi uku da mai lura zai gani.

Giɓi na farko, dukansu fuska ɗaya suka dosa, watau ƙetaren teku da manyan birane. Mai karatu ya kan rufe littafi da zaton cewa tafiyar da ta isa a rubuta ita ce wadda aka shiga jirgi. Littattafan ƙagaggun labarai na 1934 ma ba su kau da wannan zato ba, don Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ƙasashe masu nisa ya bi, Ganɗoki kuwa har ƙasar Hindu ya kai, ya yi cuɗanya da aljannu. Ƙauyen da ke bisa dutse, kwana ɗaya daga gida, bai sami mai rubuta shi ba.

Giɓi na biyu, matafiyin namiji ne shi kaɗai, ko cikin ayarin maza. Ba uwargida a gefensa, ba yaro riƙe da bakin rigarsa, ba tsohuwa da za a jira ta huta. Alhali kuwa yawancin tafiyar da Hausawa su ke yi ta iyali ce: zuwa biki, zuwa suna, zuwa ta'aziyya, zuwa ziyara, gama zumunta a ƙafa ta ke. Macen da ta yi doguwar tafiya a littattafan farko ita ce mahaifiyar Shaihu Umar a littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ita kuwa baƙin cikin ɓatan ɗanta ne ya fitar da ita, bauta ta ja ta har Tarabulus. Baba ta Karo ta ba da labarin yawon biki da zumunci na matan ƙasar Zazzau, amma da Turanci labarin nata ya fara fitowa a 1954, saboda haka matan da ta ke magana a kansu ba su ne suka fara karanta shi ba.

Giɓi na uku, baƙon hukuma abin da mai masauki ya so shi ya ke gani. Wanda aka gayyata, aka tsara masa inda za shi yau da inda za shi gobe, ba shi da ikon ya ratse hanya ya kwana a ƙauye don ya ji abin da ya dami manomi. Abin mamaki, a wannan fanni yaron da bai yi karatu ba a lokacin ya fi malaman, don Dorugu ya fara labarinsa da gonar ubansa da kiɗan gangarsa da ranar da aka raba shi da gida. Shi ya sa har yau farkon labarin nasa ya ke taɓa zuciya fiye da ƙarshensa.

Adalci ne a ce waɗannan giɓi ba laifin mawallafan ba ne. Imam bai da halin ɗaukar iyali cikin jirgin ruwa ana yaƙi, kowannensu kuwa abin da ya gani ya rubuta. Sun share hanya ɗaya, sauran hanyoyin suna jiran waɗanda suka biyo baya. Idan har yanzu a toshe su ke, tambayar tana kan masu ilmin da suka zo daga baya.

A ɗauki misalin magidanci a Illela wanda ya gama ajin manya, ya iya karatu da rubutu. Hanyoyi biyu ne a ƙofar gidansa. In ya yi kudu, kimanin kilomita 85 ne zuwa Sakkwato. Zai ratsa Gwadabawa, garin Marafa Muhammadu Maiturare, wanda ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924. Zai ratsa Kware, inda Abdussalami ya yi wa Muhammadu Bello tawaye cikin 1817. A birni, wanda aka kafa a 1809, zai kai iyalinsa Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, su ga Masallacin Shehu da Masallacin Bello da fadar Sarkin Musulmi. Zai nuna wa 'ya'yansa Giginya, inda aka kara da Turawa ran 15 ga Maris 1903, ya kuma kai su gidan adana tarihi mai sunan Waziri Junaidu. In da sauran guzuri sai su ƙarasa Wurno, inda kabarin Muhammadu Bello ya ke tun 1837.

In kuwa ya yi arewa, bai kai kilomita 10 ba ya shiga Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, garin da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone ta karkashe mutanensa cikin Mayu 1899. Gabas da nan Galmi ta ke, mai albasar da sunanta ya kai ƙasashe, kusa da ita kuma Maratta, inda aka haifi Shehu a 1754. Watau mahaifar Shehu tana wancan gefen iyaka, kabarinsa yana wannan gefe, Illela tana tsakani. Wannan kaɗai ya isa babi guda. Daga nan ƙasa ta fara tashi zuwa duwatsun Adar, wajen Tawa da Keita da Buza, inda ƙauyuka su ke maƙale a gindin duwatsu da bakin kwaruruka. Bayan farin shekarun 1970 aka fara dasa layukan darbejiya a kwarin Majiya cikin 1975, don su tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Cikin 1984, shekarar babbar yunwa, aka fara aikin Keita da taimakon ƙasar Italiya, aka jera duwatsu a gangare don su riƙe ruwan sama, aka dasa itatuwa. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, gama maza sun tafi cin rani, ladansu kuwa abinci. Turawa sun rubuta wannan aiki da harsunansu. Ga Bahaushe kuwa, wanda kakarsa ce ta yi dakon dutsen, labarin a baki ya ke.

A nan ne amfanin tafiya da iyali ya ke bayyana ga mai rubutu. Namiji shi kaɗai in ya sauka ƙauye, a zaure za a tsai da shi, ya ji labarin sarauta da na farashin hatsi. Uwargida ita ke shiga cikin gida, ita za ta komo da labarin nisan rijiya da tsawon guga, da yadda a ke samun itacen girki a ƙasar dutse, da abin da a ke ba mai jego. Yaro shi ke tambayar abin da babba ya ke jin nauyin tambaya. Tsoho kuwa ya kan nuna kufai ya ce nan aka fara zama kafin a sauko fili. Littafin da ya haɗa waɗannan idanu huɗu ya fi na mai ido ɗaya cika, ko da a ce tafiyar ba ta wuce kwana uku ba.

Wani zai ce, mene ne amfanin rubuta abin da kowa ya sani? Amsa ita ce abin da kowa ya sani yau shi ne abin da ba wanda zai sani jibi. Kasuwar Sakkwato da gidajenta na zamanin Bello kowa ya san su a lokacin, amma yanzu mai son siffarsu sai ya nemi littafin Clapperton, wanda ya zo a 1824, ya komo ya rasu a can a 1827. Baicin haka hanya ba ta da tabbas. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1898 da 1906 ta raba 'yan'uwa gida biyu. An rufe ta a watan Agusta 2019, ba a buɗe ƙofar Illela ba sai Disamba 2020. An sāke rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta buɗe nata gefe a watan Maris 2024. A waɗannan watanni an yi suna da biki da jana'iza a ƙetare, dangi na kusa ba su sami zuwa ba sai ta ɓarauniyar hanya. Haka kuma cikin shekarun 2020 ɓarnar 'yan bindiga ta tashi ƙauyuka a gabashin Sakkwato, ta hana mutane bin hanyoyin da iyayensu suka bi ba fargaba. Ƙauyen da ya watse ba a rubuta shi ba, ya watse sau biyu.

Saboda haka ga ma'aunin da ya kamata a riƙa auna littafin tafiya da shi, tsoho ko sabo. A duba ko mawallafi ya faɗi abin da idonsa ya gani dabam da abin da aka gaya masa, don gani ya kori ji. A duba ko ya ambaci rana da nisa da kuɗin mota da sunan gari daidai, yadda na baya zai amfana. A duba ko ya ba ƙauye haƙƙinsa kamar yadda ya ba birni, bai mai da mutanen dutse abin dariya ba. A duba ko muryar mata da yara ta fito. A kan sharaɗi na farko da daɗin harshe, littattafan nan uku sun ci jarrabawa, har yanzu kuwa su ne malaman duk mai son koyon wannan fanni. A kan sharuɗɗa biyu na ƙarshe akwai sauran aiki.

Aikin nan kuwa ba sai mai digiri ba. Wanda ya fita ajin Yaƙi da Jahilci, ya iya rubuta wasiƙa, ya iya rubuta tafiya, muddin ya sayi littafin rubutu da alƙalami, ya riƙa zama kowane dare a masauki yana tambayar iyalinsa abin da kowa ya gani, yana rubutawa kafin barci ya kwashe. Dorugu da baki ya faɗi nasa, wani ya rubuta masa, ga shi shekara fiye da 130 ana karantawa. Mutumin Illela da ya riƙe alƙalami da hannunsa ya fi shi gata. Allah ya kiyaye hanya, ya ba masu niyya ikon cikawa, amin.