Maigida da Baƙonsa: Al'adar Masauki Daga Salaga Zuwa Sakasaka

Wanda dare ya yi masa a Tamale yau, ya nufi wajen Sakasaka neman makwanci, ba zai sha wuya ba. Gidajen saukar baƙi na nan, ya biya kuɗi a miƙa masa makulli. Amma a zangunan arewacin Gana akwai tsarin masauki da ya girmi otal nesa ba kusa ba, wanda tambayar farko a cikinsa ita ce: baƙon wa?

Fataucin goro ne ya haifi wannan tsari. A ƙarni na 19, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato cikin ayari, madugu na jagora, su ratsa Borgu da Sansanne Mango da Yendi har Salaga ta ƙasar Gwanja. Suna kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goron kurmin Asante. Tafiyar watanni ce, kuma falke na isa garin da bai san farashinsa ba, bai san mai gaskiya da macuci ba. Baƙo kuwa ko da ido, makaho ne.

Nan maigida, ko fatoma, yake shigowa. Shi ma tsohon baƙo ne da ya zauna ya yi gida. Zai shimfiɗa wa falke tabarma a zaure, a kawo masa buta da tuwo daga cikin gida, a ɗaure masa jakuna, a jibge kayansa a ɗakin da maigida kaɗai ke riƙe da makullinsa. Idan an sayi goro, yaran gida ne ke taya shi kwance huhu, a tsince mai tsutsa, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ɗanyen ganye. Ba a maganar kuɗin ɗaki. Ribar maigida tana cikin la'adar cinikin da shi ko dillalinsa suka ƙulla.

Ashe abin da ake sayarwa a gidan amana ce. Maigida ne tafinta, shi ne ma'aji, shi ke tsaya wa baƙo gaban sarki, kuma idan an ba da kaya bashi, shi ne lamuni: mai saye ya gudu, shi zai biya. Abner Cohen ya tarar da irin wannan tsari a Sabo ta Ibadan, tsakanin masu shanu da goro, ya bayyana shi a littafinsa na 1969.

Sai dai bai kamata a yi wa al'adar kwalliyar da ba tata ba. Baƙon da ba ya jin harshen gari ba ya sanin abin da aka faɗa a bayan idonsa, kuma sauya maigida abu ne mai nauyi, don duk zango zai ji. Tuwon kyauta yakan ɗaure bakin mai ƙorafi. Salaga kuma babbar kasuwar bayi ce a wancan zamani, dillancin da ya sayar da goro ya sayar da mutane.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, Salaga ta fara ja da baya. Yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Yendi da sauran garuruwa. Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano. Da aka mai da Tamale hedikwatar yankin arewa a 1907, baƙi suka juyo nan, al'adar ta biyo su. Daga baya jirgin ruwa da jirgin ƙasa da mota suka kashe ayari, goron ƙasar Yarbawa ya rage buƙatar na Gwanja, dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 kuma ta girgiza zanguna da dama.

Duk da haka al'adar ba ta mutu ba. A Sakasaka, unguwar da masallacin Afa Ajura na Anbariyya yake, da Zangon Hausawa da kasuwar Aboabo, ɗan kasuwa ko ɗalibi mai zuwa daga nesa yakan zo da sunan wani a bakinsa. Wanda bai san kowa ba ya nufi masallaci, bayan sallar isha'i a tambaye shi garinsu, a haɗa shi da ɗan ƙasarsu.

Otal ya fi zaure sirri da 'yanci, ba gardama. Amma mai otal ba zai raka ka kasuwa ya ce “na san shi, ku ba shi” ba. Muddin ana cinikin shanu da hatsi da goro a kan bashi da magana, ɗan kasuwa na iya kwana a otal, amma da safe ƙofar maigida zai nufa.