Ghoul: Yadda Dodon Hamada Ya Tare a Maƙabarta

A shekarar 1786 aka buga wani littafi a Landan mai suna Vathek, labarin wani halifa da kwaɗayin sanin gaibu ya kai shi ga halaka. William Beckford ne ya rubuta shi da Faransanci, wani limamin coci mai suna Samuel Henley ya mayar da shi Ingilishi, ya kuma buga shi ba da yardar mai shi ba. A cikin littafin akwai inda uwar halifan, wata hatsabibiyar matsafiya, ta yada zango a wata maƙabarta cikin dare, ta sa bayinta su bi kaburbura suna ƙwanƙwasawa domin masu cin gawa su fito ta tambaye su hanya. Wannan littafi shi ne ƙamusoshi suka fi ambata idan ana neman ƙofar da kalmar “ghoul” ta bi ta zauna a Ingilishi.

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure zai ji Larabci a cikin kalmar. Ghul ce, jam'inta ghilan. Sai dai abin da ya fito daga kaburburan Beckford ba shi ne ghul ɗin da ke cikin littattafanmu ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta isa a tsaya a duba.

Tushen kalmar a Larabci yana nufin fizge abu ko halaka shi ta inda bai zata ba. Ghul ta Larabawan Jahiliyya, wadda galibi mace ce, ba ruwanta da matattu. Harkarta da matafiyi ce, mai rai, wanda ya rabu da ayari dare ya yi masa a hamada. Takan hura wuta daga nesa ya ɗauka mutane ne, ko ta kira shi, ko ta bayyana a siffar mace mai neman taimako, har ta karkatar da shi daga turba. Tana iya sauya kama yadda ta ga dama, ban da abu guda: ƙafafunta, waɗanda aka ce kofaton jaki ne. Sannan akwai ƙa'idar kisanta. Sara ɗaya ake yi mata. Idan ta faɗi za ta roƙi a ƙara, wanda kuwa ya ƙara ya tashe ta.

Waɗannan ƙa'idoji su ne daɗin labarin, domin sun sa karon ghul da mutum ya zama gwajin hankali. Mai lura zai dubi ƙasa kafin ya dubi fuska. Mai kamun kai zai mayar da takobi kube a daidai lokacin da tsoro ke ce masa ya ƙara sara. Mawaƙin nan ɗan fashin hamada, Ta'abbata Sharran, ya bar waƙa a kan haka. Ya ce ya gamu da ita cikin duhu, ya sare ta, ta nemi ya maimaita ya ƙi, sai ya danne ta har gari ya waye domin ya ga me ya kama. Da haske ya fito ya tarar da kai irin na kyanwa, harshe a tsage, ƙafafu a nakashe. Ka'abu ɗan Zuhairu kuma, a ƙasidarsa ta Banat Su'ad da ya rera gaban Manzon Allah (SAW), wadda har gobe ana karanta ta a zaurukanmu, da ghul ya kwatanta masoyiyar da ba ta tsayawa a kan magana ɗaya. Ga Balaraben wancan zamani, idan an ambaci ghul abin da ke fara zuwa zuciya shi ne yaudara da rikiɗa.

Da Musulunci ya zo bai bar maganar haka ba. A Sahihu Muslim akwai hadisin Jabir da ya kore ghul tare da wasu camfe-camfen Jahiliyya. Imamu Nawawi ya kawo fassara biyu: wasu malamai sun ce samuwarta aka kore baki ɗaya, wasu suka ce abin da aka kore shi ne ikon da ake jingina mata na rikiɗa da ɓatar da mutane. Masu ra'ayi na biyu suna da abin riƙewa a ruwayar Tirmizi, inda Abu Ayyuba al-Ansari ya kai ƙarar wata ghul da ke satar masa dabino a ma'ajiyarsa, wadda da ya kama ta karo na uku ta fanshi kanta da sanar da shi falalar Ayatul Kursiyyu. Ko a nan ɓarauniya ce mai rantsuwar ƙarya, mai baki, mai ciniki.

Bayanin da ya fi burge ni na Jahiz ne, malamin Basra na ƙarni na 9, a Kitabul Hayawan, inda ya ɗauko daga malaminsa Nazzam. Ya ce mutumin da ya daɗe shi kaɗai a fili marar iyaka, babu abokin hira, babu aikin yi, tunaninsa kan juyo kansa. Ƙaramin abu ya zame masa babba, ƙarar iska ta zame masa kira. In ya dawo gida sai ya sa abin a waƙa, yara su tashi da waƙar a bakinsu, ranar da ɗayansu ya shiga hamadar shi kaɗai ya riga ya san abin da zai gani. Fiye da shekara dubu ke nan da rubuta wannan, kuma ban ga abin da masana halayyar ɗan Adam na yau za su rage a cikinsa ba.

A tsohon kundin Dare Dubu da Ɗaya ma ghul mayaudariya ce. Ɗan sarki ya fita farauta ya ɓace, ya tsinci yarinya tana kuka a bakin hanya, ta ce ita 'yar wani sarkin Hindu ce, ta faɗo daga kan dabbarta ayari ya wuce ya bar ta. Ya goya ta a bayan dokinsa. Da suka iso wani kango ta ce za ta kewaya. Ya ga ta daɗe, ya bi ta a hankali, sai ya jiyo tana yi wa 'ya'yanta albishir da cewa ta kawo musu saurayi mai ƙiba. Addu'a ce ta kuɓutar da shi.

To ina kabari ya shigo? Antoine Galland, masanin harsunan Gabas ɗan Faransa, ya fitar da fassarar Dare Dubu da Ɗaya cikin juzu'i 12 tsakanin 1704 da 1717. Kundin Larabcin da ya samo daga Sham ya ƙare masa alhali masu karatu na neman ƙari. A 1709 ya haɗu da wani saurayi Kirista mutumin Halab, Hanna Diyab, wanda ya riƙa ba shi labarai da baki yana rubutawa. Daga nan Ali Baba ya fito, daga nan kuma labarin Sidi Nu'uman ya fito.

Sidi Nu'uman ya auri kyakkyawar mace mai suna Amina. Idan aka kawo shinkafa, ba ta kai loma. Sai ta zaro wani ɗan siririn tsinke ta riƙa tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya tana kaiwa baki, kullum haka, amma ba ta ramewa. Wani dare ya yi kamar ya yi barci, ta sulale ta fita, ya bi sawunta cikin farin wata har maƙabarta. Ya leƙa ta kan katanga ya gan ta tare da ghul sun tone gawar da aka binne a ranar suna ci suna hira. Washegari da ya tambaye ta ko shinkafarsa ba ta kai naman matattu daɗi ba, ta watsa masa ruwa ya zama kare. A tsakiyar labarin Galland ya sa Sidi Nu'uman ya tsaya ya yi bayani cewa ghul shaiɗanu ne da ke zaune a kangaye suna faɗa wa matafiya, idan ba su samu ba sai su tafi maƙabarta su tone gawa.

Labarin yana da ƙarfi, babu musu. Tsinken nan da ƙwayar shinkafa sun fi duk wani ƙaho da farce tayar da tsigar jiki. Amma ba a same shi a wani kundin Larabci da ya girmi Galland ba, kuma wani manazarci, Ahmed Al-Rawi, ya nuna a maƙalarsa ta 2009 a mujallar Folklore cewa tsofaffin littattafan Larabawa ba su san ghul mai tonon kabari ba. A ganinsa ƙari ne daga alƙalamin Galland. Mu nan kura muka sani da wannan ta'asa, shi ya sa a ƙauyuka da dama ake jibga ƙaya a kan sabon kabari.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne dalilin da ya sa Turawa suka yar da dukan sauran siffofin suka riƙe wannan ɗaya. Mutumin Landan ko Edinbara bai san ƙishin hamada ba, amma ya san fargabar kabari. A wancan zamani makarantun likitanci na bukatar gawarwaki domin koyar da fiɗa, doka ba ta ba su isassu, sai sana'ar tonon kabari ta kafu. Iyalai suka riƙa sa kejin ƙarfe a kan kabari, ana gina ɗakin gadi a maƙabartu. A 1828 a Edinbara Burke da Hare suka ga tono wahala ne, suka kashe mutum 16 suka sayar, abin da ya taimaka wajen kafa dokar fiɗar gawa ta 1832. A Amurka jaridu suka riƙa kiran ɓarayin gawa da sunan “ghouls” kai tsaye. A 1878 aka sace gawar John Scott Harrison, ɗan wani shugaban ƙasa kuma uban wani mai zuwa. Ɗansa ya shiga wata makarantar likitanci a Cincinnati yana neman gawar wani saurayi da aka sace, aka jawo igiya daga wani rami, sai ga mahaifinsa da suka binne jiya. Al'ummar da irin wannan ke faruwa a cikinta tana bukatar suna ga abin da take tsoro, ta kuma fi samun sauƙi idan sunan na baƙi ne. Tsoron nasu ne, aka ba shi rawanin Balarabe.

Daga nan kalmar ta yi ta gangarawa. Byron ya sa ta a waƙa a 1813, Edgar Allan Poe ya bi. H. P. Lovecraft, a wani gajeren labari na 1927, ya ba ta fuskar kare ya zaunar da ita a ramukan ƙarƙashin birnin Boston. A fim ɗin George Romero na 1968, Night of the Living Dead, gawarwakin da suka tashi suna cin masu rai da wannan suna aka kira su, kafin daga baya duniya ta laƙaba musu “zombie”. A nan rikiɗar ta kai ƙarshe, mai cin gawa ya zama shi ne gawar. Ba ya magana, ba ya dabara, ba ya kiran kowa. Ni ina ganin hasara ce ga fasahar labari. Dodon da zai yi maka kuka har ka goya shi a bayan dokinka ya fi wanda ke jan ƙafa yana gurnani sanin inda raunin mutum yake.

Akwai wurare biyu da ake yawan rikita zancen. Tauraron da Turawa ke kira Algol lalle daga “ra'asul ghul” yake, wato kan ghul, domin da haka masana taurari Larabawa suka fassara kan dodanniyar Girkawa da ke cikin littafin taurari na Batlimus. An yi dace kuwa tauraron yana dushewa duk bayan kusan kwana uku, abin da John Goodricke ya bayyana a 1783 da cewa wani abu ne ke giftawa ta gabansa. Amma maganar da ke yawo a wayoyi cewa “alcohol” daga al-ghul take ba ta da tushe. Daga al-kuhl take, kwallin da mata ke sawa a ido.

A Ingilishin yau da kullum kuwa, ba a cika nufin wani dodo ba idan an ambaci kalmar. Mutum ake nufi. Ana faɗa wa ɗan jaridar da ke tura makirfo a bakin uwar da aka kashe wa ɗa, da mai sayar da kayan tunawa a wurin da aka yi kisan gilla, da wanda ya tarar da haɗarin mota ya zaro waya yana ɗaukar masu kakarin mutuwa domin ya riga kowa sawa a Facebook. Wannan ma'ana ta ƙarshe ita ce ta fi dukan sauran rai a bakin mutane, kuma wanda ya taɓa tsayawa a bakin babban titi bayan haɗari, a Landan ne ko a hanyar Kaduna, ya ga masu wannan hali da idonsa.