Tsoro a Matsayin Mai Kisa: Nazarin Jigon Tsohuwar Gaba a cikin Le Chien jaune na Georges Simenon

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wani reshe na ƙagaggun labarai, watau labarin kisan kai a ƙaramin gari, inda mutanen da suka daɗe da sanin juna ke ɗauke da tsohuwar gaba a zuci. Littafin da za mu ɗora nazarin a kansa shi ne Le Chien jaune, ma'ana kare mai ruwan ɗorawa, wanda Georges Simenon ya rubuta da Faransanci, aka buga a 1931. An haifi Simenon a birnin Liège na ƙasar Beljiyam a 1903, ya rasu a 1989, ya kuma bar littattafai 75 a kan ɗan sandan ciki mai suna Maigret. Abin da muke so mu nuna shi ne, ƙarfin wannan littafi ya dogara ga yadda marubucin ya mai da tsoron masu laifi ya zama shi ne ke aikata ɓarnar da ke cikin labarin.

2.0 Taƙaitaccen Labarin

Labarin ya faru ne a Concarneau, wani garin masunta a gaɓar teku a lardin Bretagne na Faransa. Akwai wasu manyan gari da ke haɗuwa kullum dare a otel ɗin Amiral suna caca da shaye-shaye: Likita Michoux, wanda bai taɓa duba marar lafiya ba, sana'arsa dillancin filaye, da Le Pommeret, ɗan babban gida, da Servières, ɗan jarida, da Mostaguen, mai sayar da giya. Wani dare cikin watan Nuwamba Mostaguen ya fito daga otel, ya raɓa ƙofar wani kango don ya kunna taba, sai aka harbe shi ta kafar jefa wasiƙa, amma bai mutu ba. Daga nan aka ga guba cikin kwalbar giyarsu, Servières ya ɓace aka tsinci motarsa da jini, Le Pommeret kuma ya mutu da guba. Duk inda abu ya faru sai a ga wani baƙon kare da ba a san mai shi ba.

A ƙarshe ya bayyana cewa shekarun baya Michoux da Le Pommeret da Servières sun yaudari wani matuƙin jirgin ruwa, Léon, ya kai musu hodar iblis Amurka, sa'an nan suka tona shi. Ya rasa jirginsa, ya sha ɗauri a kurkukun Sing Sing, budurwarsa Emma kuma ta koma aikin otel, Michoux ya mai da ita farkarsa. Yanzu Léon ya dawo, karen kuwa nasa ne.

3.0 Warwarar Jigo

Mai karatu da ya saba da labaran ramuwar gayya zai ɗauka cewa wanda aka zalunta shi ne zai dawo da wuƙa. Haka abin yake, alal misali, a cikin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, inda Abubakar, da Malam Shehu ya ƙwace masa Zainabu, ya fita neman asirin da ya lalata ɗansu Kyauta, har yaron ya kashe ubansa bai sani ba. A can mai ƙullin zuciya shi ne tushen masifa. Simenon sai ya juya al'amarin. Léon bai kashe kowa ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya dawo, ya bari a ga sawunsa, a ga karensa. Ragowar aikin masu laifin ne suka yi wa kansu.

Mu bi ɓarnar ɗaya bayan ɗaya. Harsashin da ya sami Mostaguen, Michoux ne ya harba, yana zaton Léon ne, domin ya sa Emma ta rubuta masa wasiƙar da za ta jawo shi ƙofar. Ɓacewar Servières shiri ne nasa don ya tsere, kuma shi ya rubuta labarin jaridar da ya firgita gari. Le Pommeret, Michoux ne ya ba shi guba don gudun kada ya karaya ya fasa ƙwai. Hatta ma'aikacin kwastan da aka harba a ƙafa, uwar Michoux ce ta harbe shi lokacin da ɗanta ke tsare, don a ce ba shi ne mai laifin ba. Hausawa na cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Dawowar Léon ita ce “as” ɗin, littafin kuma bayani ne na abin da masu kazar suka yi da suka ji ta.

4.0 Ƙaramin Gari a Matsayin Dabarar Zubi

Me ya sa irin wannan labari ya fi zama daram a ƙaramin gari? Dalili na farko, babu wurin ɓuya. A babban birni mai laifi zai canja unguwa. A Concarneau kuwa dole Michoux ya zauna teburi ɗaya da abokan sirrinsa, matar da ya cuta ce kuma ke zuba masa abin sha. Kowane ɗayansu shaida ne a kan ɗan'uwansa, saboda haka abota ta rikiɗe ta zama gadin juna.

Dalili na biyu, a ƙaramin gari mutunci shi ne jari, kuma manya ke riƙe da shi. Magajin gari ya matsa wa Maigret ya kama wani, ko wane ne, hankalin jama'a kuma ya koma kan baƙon nan mai yawo da ba shi da kowa. Wurin da jama'a suka taru a kan karen, aka harbe shi, aka yi ta jifansa yana jan jiki, shi ne ya fi kowane wuri nuna halin garin: tsoro ya sauka a kan wanda ba shi da bakin kare kansa, alhali masu laifin na zaune a otel ana gaishe su. Mun san karin maganar da ke cewa tsoro na daji, kunya na gida. A nan tsoron ya shigo gida, kunyar tonon asiri ce kuma ta buɗe masa ƙofa.

5.0 Salon Riƙe Mai Karatu

Idan muka kwatanta da The Murder of Roger Ackroyd na Agatha Christie, wanda ya fito a 1926, shi ma a ƙauye, za mu ga bambanci. Christie tana riƙe mai karatu da lissafin lokaci da alamu, kamar mai kacici-kacici. Simenon kuwa da zulumi yake riƙe shi. Mataimakin Maigret, saurayi mai suna Leroy, shi ke ɗaukar zanen yatsu da awon sawu, shi kuwa Maigret yana zaune da lofensa yana kallon fuskoki. Tun da wuri ya lura da mutum biyu, Emma da Michoux, domin su ne tsoro ya fi bayyana a jikinsu. Tambayar da ke jan labarin ta zama: me wannan mutum ya sani da ya hana shi barci? Wannan ne ya sa surar da Michoux ke kulle a ɗakin 'yan sanda, yana ta surutu a kan ciwon ƙodarsa da mutuwa, ta fi surorin harbi nauyi.

6.0 Inda Littafin ya Gaza

Akwai rauni iri biyu. Na farko, bayan marubucin ya kauce wa tsarin kacici-kacici, sai ya koma gare shi a ƙarshe: aka tara kowa a ɗaki ɗaya, aka zuba tarihin shekaru cikin dogon jawabi. Tsohuwar gabar, wadda ita ce ginshiƙin labarin, an faɗa mana ita ne kawai, ba mu rayu cikinta ba. Na biyu, an shiga zuciyar Michoux sosai, amma Léon da Emma daga nesa muke hango su, kamar lokacin da Maigret ke leƙensu daga kan rufin otel. Emma ce ta zuba gubar farko a kwalba, Maigret kuma ya ɗauki laifin ya ce shi ya zuba. Wannan jinƙai yana da daɗin karantawa, sai dai ya rufe tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta, watau yadda wadda aka zalunta ita ma ta kai bakin kisa.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa a cikin Le Chien jaune laifin da aka binne shi ne ya haifi tsoro, tsoro kuma ya haifi sabon laifi, ƙanƙantar gari ta hana kowa tsira. An yanke wa Michoux ɗaurin shekara 20 da aiki mai tsanani, watau ya ɗanɗani abin da ya jawo wa Léon, kuma da hannunsa ya kai kansa. Shawararmu ga masu koyar da ƙagaggun labarai ita ce, idan an zo nazarin irin wannan littafi, a sa ɗalibai su fara da tambayar wa ke jin tsoro da dalilinsa, kafin su nemi wanda ya yi kisan.