Masu Leƙa Ƙuryar Ido

Daga Babura zuwa Kazaure, Roni da Gwiwa, da wuya ka sami gidan da ba a san yanar ido ba. Ita cuta ce mai tallar kanta: tsakiyar ido ya yi fari, kowa ya gani, a kai dattijo asibiti a cire, ya dawo yana karatunsa. Amma akwai larurar da ke ɗaure wa mutane kai. Ido garau, babu ja, babu kwantsa, babu zafi, amma mai shi yana laluben ƙofa. Sau da yawa matsalar tana can ƙuryar ido, a jikin wani siririn tantani da likitoci ke kira retina. Duba wannan tantani da gyara shi yana cikin ayyukan da suka fi buƙatar natsuwa a duk fannin likitanci.

Tantanin yana shimfiɗe ne a bangon ido ta ciki, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Duk da haka Allah ya zuba masa ƙwayoyin karɓar haske sama da miliyan 100. Wasu suna aiki a duhu, idan suka gaza sai mutum ya kamu da dundumi. Wasu kuma su ke bambance launi. A tsakiyarsa akwai ɗan wuri da ake kira makula, da shi ake karatu, da shi ake gane fuska, da shi tela ke zura zare a allura. Tantanin ba shi da jijiyar jin zafi, saboda haka yakan lalace shiru, kuma abin da ya mutu a cikinsa ba ya sake tsirowa.

Gwanin likita ba ya fara da na'ura, da tambaya yake farawa. Akwai ciwon sukari? Tun yaushe? Hawan jini fa? Akwai sikila a gidan? An taɓa bugewa a idon? Daga nan sai a gwada ƙarfin gani da allon haruffa daga nisan mita 6, ido ɗaya bayan ɗaya, a auna matsin ruwan cikin ido. Sannan a ɗiga maganin da ke buɗe ɗan ramin nan na tsakiyar baƙin ido, wanda haske ke bi ya shiga. Ana jira minti 20 zuwa 30 kafin ya buɗe sosai, kuma wannan jira shi ne rabin aikin, domin ta ƙuntataccen rami tsakiyar tantanin kaɗai ake hangowa.

Kafin 1851, lokacin da Bajamushen nan Hermann von Helmholtz ya fito da madubin leƙa ido, likitoci ba su da hanyar ganin wannan wuri a jikin mai rai. A shekarun 1940 kuma Charles Schepens, ɗan ƙasar Beljiyam, ya ƙera irin wanda ƙwararru ke ɗaurawa a kai har yau: fitila a goshi, da tagogi biyu na kallo. Za a dushe hasken ɗaki, mara lafiya ya kishingiɗa. Likita ya riƙe wani kewayayyen gilashi mai kauri tsakanin babban yatsa da manuni, ya dogara ƙaramin yatsansa a goshin mara lafiya don kada hannu ya yi rawa, ya riƙa matso da gilashin yana janyewa har sai hoton ya cika shi, jawur, da jijiyoyin jini sun yi rassa.

A nan gwanintar take. Hoton da yake gani a juye yake: sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu, sai ƙwaƙwalwarsa ta riƙa miƙe shi nan take. Ya raba cikin idon gida 12 bisa tsarin agogo, yana bi ɗaya bayan ɗaya. "Baba, kalli sama. Yauwa. Yanzu kalli kafaɗarka ta dama. Kada ka ƙifta, saura kaɗan." Idan ya zo can bakin gefe, inda haske ba ya kaiwa, sai ya ɗauki wani ɗan ƙarfe mai dunƙulallen kai ya danna bayan fatar ido a hankali, ya turo ɓoyayyen wurin zuwa gaban fitila. Da ya gama sai ya zana taswira a takarda: ja inda tantanin ke manne, shuɗi inda ya ɗago, da alamar ƙarfe nawa aka ga yagewa.

Kowace cuta da irin sawunta. Ciwon sukari yakan fara da 'yan ɗigo-ɗigon ja inda ƙananan jijiyoyin jini suka kumbura, sai tabo-tabo masu ruwan ɗorawa inda kitse ya tsiyaye. Idan ya yi nisa, sassan da jini ya daina kaiwa sai su sa ido ya tsirar da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, waɗanda kan fashe su cika ido da jini cikin dare ɗaya. Sikila, wadda ake ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara a Najeriya, takan yi ɓarnarta ne a can gefe, kuma abin mamaki masu nau'in SC, waɗanda jikinsu bai cika wahala ba, sun fi masu SS fuskantar wannan haɗari. Wanda bai danna ya leƙa gefen ba, ba zai taɓa ganinta ba. Akwai kuma na'urori masu taimakawa: wadda ake kira OCT, da ta fito a 1991, tana nuna hawa-hawan tantanin da ruwan da ya taru a makula ba tare da an taɓa ido ba. Idan jini ya rufe hanya, sai a ɗora na'urar hoton sauti a kan fatar ido, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita.

Magani ya danganta da abin da aka gani. A 1949 wani likitan Jamus, Gerd Meyer-Schwickerath, ya riƙa tattara hasken rana daga saman rufin asibiti a Hambag yana ƙona wurin da ya lalace a cikin ido. Yau hasken leza ne ya gaji wannan aiki. Ga mai ciwon sukarin da ya yi nisa, likita kan ɗiga tabon leza sama da 1,000, ɗaya kusa da ɗaya, yana kewaye makula ba ya taɓa ta. Hikimar ita ce a sadaukar da wani abu daga gefe domin tsakiya ta tsira, sababbin jijiyoyin nan kuma su bushe. Idan makula ce ta kumbura, allura ake yi a cikin idon kansa. A kashe wurin da maganin ɗigawa, a wanke da aidin, a auna milimita 3.5 zuwa 4 daga bakin baƙin ido, domin nan ne kaɗai allura za ta wuce ba ta taɓa tantanin ko gilashin da ke cikin ido ba. Maganin da ake zurawa bai wuce ɗigo guda ba.

Mafi gaggawa ita ce ɓamɓarowar tantanin. Yadda ruwan damina ke shiga ta tsagar bango ya ɗago yaɓe, haka ruwan cikin ido ke bi ta 'yar yagewa ya raba tantanin da bangon da ke ciyar da shi. A shekarun 1920 Jules Gonin na ƙasar Suwizalan ya tabbatar da cewa sirrin warkewa shi ne a nemo yagewar a toshe ta. Wani lokaci ana ɗaura wa ido siririn ɗamarar silikon ta waje don bango ya matso ya tarbi tantanin. Wani lokaci kuma ana huda ƙananan ƙofofi uku a farin ido: ɗaya ta ruwa, ɗaya ta fitila, ɗaya ta abin yanka. Likita yana kallo ta madubin tiyata, hannayensa biyu suna ciki, ƙafafunsa suna sarrafa na'ura. Ya zuƙe ruwa mai yauƙi da ke cikin idon, ya kwantar da tantanin, ya liƙe yagewar da leza, ya cika idon da iskar gas ko man silikon. Daga nan aiki ya koma hannun mara lafiya, wanda ake iya umarta ya riƙa kifa fuskarsa na kwanaki.

Kafin hannu ya kai wannan matsayi, sai mai shi ya yi shekara 6 a jami'a, ya ƙara wasu shekarun yana ƙwarewa kan ido, sannan ya keɓe kansa ga retina. A gefe guda kuma ga mai tallar maganin ɗigawa a kasuwa, wanda kwalba ɗaya ke masa maganin kowane ido, da mai tura yana cikin ido da tsinke. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, ta wannan hanyar gargajiya aka yi musu, kuma mafi yawansu ba su sami gani mai amfani ba.

Ga mutanen Babura da maƙwabta, matakin farko shi ne babban asibiti mafi kusa, daga nan a tura mutum Kano, inda akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ido na ECWA, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Mai ciwon sukari ya je a buɗe idonsa a duba tun ranar da aka gano ciwon, sannan duk shekara, ko da yana gani tar. Yaro mai sikila a fara kai shi daga shekara 10. Wanda kuma ya wayi gari yana ganin walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa suna yawo, ko inuwa tana rufowa daga gefe, kada ya jira ranar kasuwa ko bayan girbi. Ya kama hanyar asibiti a ranar.