Abin da iPhone ta Farko ta Rasa, da Dalilin Rasa Shi

A ranar 29 ga Yuni, 2007, da kamfanin Apple ya fara sayar da iPhone a Amurka, duk wanda ya jera ta da Nokia N95, wadda ta riga ta shiga kasuwa a shekarar, zai ce Apple bai gama shiri ba. N95 na da kyamara mai megapiksel 5 da ke ɗaukar bidiyo, tana da GPS, tana kama 3G. Ita kuwa iPhone, da ake biyan dala 499 ko 599, kyamararta megapiksel 2 ce, ba bidiyo. Ba ta aika hoto ta MMS, ba a cire batirinta, ko kwafar rubutu a liƙa shi wani wuri ba a iya yi. An saba tara waɗannan giɓi a kira su gazawar zamani, alhali asalinsu ba ɗaya ba ne.

Wasu dole ce ta kawo su. Mai ƙera waya a lokacin yana rabon ɗan abin da ke hannunsa ne: batir ƙarami da ƙwaƙwalwar aiki mai megabayit 128 kacal. Apple ya zuba kusan duka a kan gilashin nan mai inci 3.5. Yawancin wayoyin taɓawa na da, sai an danna su da tsinke ko farce kafin su amsa. Gilashin iPhone kuwa lantarkin fatar yatsa yake ji: ka ja jerin sunaye ya zarce da gudu, ya rage sauri a hankali, ya ɗan yi tsalle in ya kai ƙarshe, ka buɗe yatsu biyu hoto ya girma. Wannan santsi yana shan caji, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, da kansa ya faɗa a Landan a watan Satumba na 2007 cewa na'urorin 3G na lokacin suna zuƙe batir, shi ya sa aka tsaya a kan hanyar intanet ta EDGE mai jan ƙafa, aka dogara da Wi-Fi. Cire madannai ma ya yi ɓarna, domin masu BlackBerry sun fi saurin rubutu, kuma wanda ya sa safar hannu saboda sanyi gilashin ba ya jin sa. Amma HTC Dream, wayar Android ta farko a 2008, da ta so riƙe duka biyun, madannai da gilashin taɓawa, ta fito da kauri, kuma ko kalma ɗaya za ka rubuta sai ka zame gilashin ka juya wayar, har zuwa 2009 da aka sa mata madannai a kan allo.

Wani zai ce wannan neman uzuri ne ga wanda ya riga ya yi nasara, kuma yana da gaskiya a wani ɓangare. Akwai ma'auni mai sauƙi: duk giɓin da sabunta manhaja ya cike a kan wayar nan ta 2007, ba ƙarfe ne ya hana shi ba. 3G da GPS sai da aka ƙera sabuwar waya a 2008, saboda haka iyakarsu ta gaske ce. Manhajojin wasu kamfanoni kuwa, waɗanda Jobs ya ce a rubuta su a matsayin shafukan intanet kawai, masu fasa kullen waya sun sa su aiki cikin 'yan makonni, kuma da aka buɗe kasuwar manhajoji ta App Store a Yulin 2008 tsohuwar wayar ta karɓe shi lafiya lau. Hana su tun farko son riƙe linzami ne, kamar ɗaure wayar da layin kamfanin sadarwa na AT&T kaɗai. Ramin iyafis da aka nutsar ciki, har yawancin iyafis ba sa shiga sai da mahaɗi, shi kam ba shi da wani uzuri.

Kwafa da liƙawa ne ma'aunin bai yi wa adalci ba. Tsohuwar wayar ta samu wannan a 2009 ba tare da an taɓa ƙarfenta ba, amma Apple ba shi da ribar da zai ci don ya hana shi. Matsalar ta yatsa ce, wanda ke rufe harafin da yake son zaɓa, a kan gilashin da taɓawa da ja da dogon danni duk sun riga sun sami aikinsu. Sai da aka yi shekara biyu kafin a fito da 'yan ɗigon nan biyu da ake ja a gefen kalma.